Zagaya tafkin kan tsauni da keke mai kaya: giya, numfashi da birki

Tambaya: Malam, na saba doguwar tafiya a kan keke, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Nakan ci kilomita 100 a yini ban galabaita ba. A watan Yuli ina so in yi mako guda ina zagaya wani tafki da ke kan tsauni, kusan mita 1,900 sama da teku, in kuma haura mashigan duwatsun da ke kewaye da shi, waɗanda wasunsu sun wuce mita 2,500. Da tantina da kayan kwanana zan tafi. Kekena na yanzu zai yi? Kuma me ya kamata in fi shirya wa?

Amsa: Ɗan'uwa, ban ga kekenka ba, amma kusan duk wanda ya kawo mini irin wannan tambaya, gangar jikin kekensa lafiya lau take, giyarsa ce ba ta isa ba. Abin da za ka fi shirya wa kuwa ba hawan ba ne. Hawa wahala ce kawai, in ka gaji ka tsaya ka sa ƙafa a ƙasa. Gangara ita ce mai kai mutum asibiti. Zan zo kanta, amma bari mu fara da kilomita 100 ɗin nan taka, domin ita ce za ta fara yaudararka.

A kan dutse ba da nisa ake lissafin tafiya ba, da tsayi ake yi: mita nawa za ka ɗaga kanka da kayanka sama a yinin. In ka buɗe taswira za ka ga hanya ta kewaye tafki kamar zobe, sai ka ce ai bakin ruwa ne, ruwa kuwa a kwance yake. Ruwan ne a kwance, hanyar ba ta kwanta ba. Yawancin irin waɗannan tafkuna a cikin kwari suke mai tsayayyen gefe; wasu tarin ƙanƙara mai gangarowa ne ya rarake su tun shekaru dubbai, wasu kuma madatsa aka gina ruwa ya taru. Duk inda dutse ya faɗo kai tsaye cikin ruwa babu wurin shimfiɗa titi, dole hanya ta haye ta bi ta sama sannan ta sake saukowa. Ɗauki tafkin Tahoe da ke kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada a Amurka, wanda tsayinsa ya yi daidai da naka, mita 1,897. Zagayensa kilomita 116 ne, amma hanyar tana haurawa da ƙarfi a wajen Emerald Bay, sannan a gabas, wajen Spooner, ta wuce mita 2,100. Wanda kuma ya bar bakin ruwan daga garin Incline Village ya nufi mashigar Mount Rose mai mita 2,716, zai hau kusan mita 800 cikin kilomita 13 kacal.

Ga lissafin da nake so ka riƙe. A ce kai da kekenka da kayanka kun kai kilo 100. Matsakaicin mai keke, wanda ba ɗan tsere ba, yakan iya fitar da ƙarfin wat 150 (wat ma'aunin ƙarfin aiki ne) na tsawon sa'o'i. Da wannan ƙarfin zai hau kusan mita 550 a sa'a, in bai tsaya ko sau ɗaya ba. In ka sa tsayawar shan ruwa da hutawa da ɗaukar hoto, ka ƙiyasta mita 400 zuwa 450. Mashigar Stelvio a arewacin Italiya, mai mita 2,757, in ka tasar mata daga garin Prato, kilomita 24 ce kawai, amma hawan mita 1,800 ne da kwanoni 48 masu lanƙwasa, kowace da lambarta. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kilomita 24 tafiyar sa'a guda ce da 'yan mintoci. A can, da kaya, sa'a huɗu ce ko fiye. Daga nesa za ka hango gine-ginen da ke ƙololuwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali sauranka sa'a guda cur; hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shawarata ga wanda bai taɓa yi ba: kada shirin yini ya wuce hawan mita 1,000 zuwa 1,200, ko da nisan bai kai kilomita 50 ba.

Kada kuma ka yarda da matsakaicin tudu da ake rubutawa. In an ce tudu kashi 10 cikin 100 ne, ana nufin duk tafiyar mita 100 za ka hau mita 10. Hanyar da aka ce matsakaicinta kashi 6 ne tana iya zama rabinta kashi 2, ɗaya rabin kashi 10. Ka nemi zanen da ke nuna kowane kilomita daban, ka dubi mafi munin kilomita biyu a jere. Su ne za su gaya maka giyar da kake bukata.

To, giyar. Sauka ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, wanda feda ke juyawa, ka kuma ƙirga haƙoran babban farantin baya. Keken titi na yau da kullum yakan zo da 34 a gaba, 32 a baya. Da wannan, duk juyin feda ɗaya keken zai ci mita 2 da kwata. Ƙafa tana jin daɗin aiki ne a juyi 70 zuwa 85 a minti. In kana juyi 70 a wannan giyar, gudunka kilomita 9 da rabi ne a sa'a, kuma riƙe wannan gudun a tudu mai kashi 10 da nauyin kilo 100 yana cin sama da wat 260. Ba za ka iya riƙe shi ba, ni ma ba zan iya ba. Abin da zai faru shi ne gudunka ya faɗo kilomita 5 da rabi, ƙafarka ta koma juyi 40 a minti, kana danna feda kamar mai taka matakala da buhu a ka. Ƙarfin da kake fitarwa bai ƙaru ba, amma kowane dannawa ya kusa ninkawa a nauyi, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin. Yini na uku za ta fara magana, yini na huɗu ta hana ka tashi.

Yanzu ka sa 22 a gaba da 36 a baya, irin na keken daji ko keken doguwar tafiya. Juyi ɗaya mita 1.3 ne. Gudun dai shi ne kilomita 5 da rabi, ƙarfin dai shi ne wajen wat 160, amma ƙafarka tana juyi 70. Tudu ɗaya, mutum ɗaya, gudu ɗaya. Ɗaya ya isa sama yana hira, ɗaya ya isa yana ɗingishi. In kekenka mai faranti ɗaya ne a gaba, 32 da 51 a baya zai ba ka kusan hakan. Ƙa'idar da nake ba mutane ita ce haƙoran baya su ninka na gaba aƙalla sau ɗaya da rabi. Wasu suna jin kunyar ƙaramar giya, suna ganin ta raggo ce. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya sauko daga tsauni da kaya yana kukan giyarsa ta yi laushi da yawa ba. Ka kai wa makaniki tun da sauran makonni, domin sauya farantin baya sau da yawa yakan ja sauya sarƙa da ƙarfen da ke tura ta, kuma kana bukatar lokaci ka gwada. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ɗora kayanka duka, ka nemi tudu mafi tsayuwa da za ka samu, ka koyi tafiya a kilomita 5 a sa'a ba tare da kan keke yana yawo ba, ka kuma koyi tashi daga tsaye a tsakiyar tudu. Wannan na biyun ya fi yadda kake zato wuya.

Game da nauyi, mutane sukan wuce gona da iri. Kilo 5 a kan kilo 100 kashi 5 ne cikin 100, wato minti 5 ko 6 a hawan mita 1,000. Kada ka bar rigar sanyi a gida don ka rage rabin kilo. Ka bar takalmi na uku da tukunya ta biyu.

Sai batun iska. Kason oksijin a cikin iska ba ya canzawa, yana nan wajen kashi 21 cikin 100 ko a bakin teku ko a kan dutse. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar. A mita 2,000 ya koma kusan kashi 4 cikin 5 na bakin teku, a mita 3,000 kusan kashi 7 cikin 10. Duk numfashin da ka ja, abin da ke shiga jini ya ragu. Mafi girman ƙarfin da jiki ke iya fitarwa yakan ragu da kusan kashi 6 ko 7 cikin 100 a kowane mita 1,000. Za ka ji zuciya tana bugawa fiye da yadda ta saba a aikin da ba ka ɗauke shi komai ba, barcin daren farko ya zama yanke-yanke, ka riƙa tashi fitsari. Duk wannan jiki ne ke gyara zama. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya iso da yamma, gari na wayewa ya nufi mashiga mafi tsayi saboda ɗoki. Ka ba yini biyun farko ga bakin tafki, ka yi tafiya mai sauƙi wadda za ka iya magana a cikinta ba tare da numfashi ya katse maka zance ba. Wannan ma'aunin magana ka riƙe shi duk makon. In ba za ka iya faɗin jumla guda cikakkiya ba, ka sassauta.

Ciwon tsauni na gaske yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, kuma inda ka kwana ya fi inda ka wuce da rana muhimmanci. Tunda a bakin tafkinka za ka riƙa kwana, haɗarin ba shi da yawa. Amma ka san alamunsa: ciwon kai da ba ya jin magani, tashin zuciya, ƙin abinci, jiri. In suka zo, kada ka ƙara hawa. In kuwa aka kai ga numfashi yana gagararka kana zaune, ko tari mai kumfa, ko tafiya tana tangaɗi, ko ruɗewar tunani, to ka sauka ƙasa nan take ka nemi likita, ko da tsakar dare ne. Wanda tafkinsa Titicaca ne, na kan iyakar Feru da Bolibiya mai mita 3,812, maganarsa daban ce: a can matsin iska bai kai kashi 2 cikin 3 na bakin teku ba, dole a hau daki-daki, kuma bayan mita 3,000 ba a ƙara wa wurin kwana fiye da mita 500 a dare.

Akwai abu ɗaya da ba a cika faɗa ba, kuma ina so ka ɗauke shi da gaske. In kana da sikila, ko ma kana ɗauke da rabinta, wato jininka AS ne, ka ga likita kafin ka tafi. Mai AS yana iya yin rayuwarsa duka bai taɓa jin komai ba, amma aikin ƙarfi a wuri mai tsayi tare da ƙarancin ruwa a jiki yana iya toshe jinin da ke zuwa saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Wannan ba na dauriya ba ne. Haka mai ciwon zuciya, ko hawan jini, ko asma, ya ji ta bakin likitansa tukuna.

Ci da sha ba su da dogon bayani. Iskar tsauni busasshiya ce, kana zubar da ruwa ta numfashi ba ka sani ba, sanyi kuma yana ɓoye ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, ka dubi launin fitsarinka. Ka ci wani abu mai sitaci ko sukari duk minti 40, tun ba ka ji yunwa ba, domin in ƙarfi ya yanke maka a tsakiyar tudu, dawo da shi yakan ɗauki lokaci. Ruwan ƙorama kada tsabtarsa a ido ta ruɗe ka, sau da yawa akwai dabbobi suna kiwo a sama; ka tace ko ka tafasa. Rana kuma tana ƙuna fiye da ƙasa ko da iska na sanyi, kuma ruwan tafki yana dawo da hasken fuskarka. Tabarau da man kare fata ba ado ba ne, kowane irin launin fata gare ka.

Yanayi. Duk hawan mita 1,000, zafi yakan sauka da kusan digiri 6 da rabi a ma'aunin Selshiyas. In bakin tafki yana digiri 18 da hantsi, mashiga mai mita 2,700 tana wajen 13 a rana mai kyau, in hadari ya rufe kuwa ta faɗo 5 ko ƙasa. Ka isa can jiƙe da gumi, ka juya ka gangara a kilomita 50 a sa'a, digiri 5 ɗin nan fata za ta ji shi kamar ƙasa da sifili. Ranar 5 ga Yuni, 1988, gasar tseren keke ta Italiya, Giro d'Italia, ta bi ta mashigar Gavia mai sama da mita 2,600 cikin dusar ƙanƙara. Abin da ya karya ƙwararrun 'yan tsere a ranar ba hawan ba ne, gangarar zuwa garin Bormio ce, inda hannuwa suka sandare har wasu suka kasa matsa birki. Ba'amurke Andy Hampsten, wanda ya karɓi jagorancin gasar a ranar ya kuma lashe ta daga baya, mutanensa sun tanadi safar hannu masu kauri da kayan ɗumi tun kafin a tashi. Watan Yuni ke nan. Yuli ya fi sauƙi, amma ƙanƙara tana iya zuba a kan mashiga a kowane wata. Don haka a saman jakarka, inda hannu zai kai ba sai ka zazzage komai ba, a samu rigar ruwa mai tare iska, busasshiyar rigar ciki, dogayen safar hannu da hular da ke shiga ƙarƙashin hular kwano. Kana isa sama, kafin hoto, kafin komai, ka cire jiƙaƙƙiyar riga ka sa busasshiya. Minti 5 na tsayuwa cikin gumi ya isa ya sa ka rawar ɗari har ƙasa.

A lokacin zafi, tsawa takan taso ne bayan azahar. Ka tashi da sassafe, ka yi niyyar tsallake mashiga kafin ƙarfe 1 na rana. In ka ji tsawa kana wajen da babu itatuwa, kai ne abu mafi tsayi a wurin. Ka juya ƙasa ko ka shiga gini, kada ka fake ƙarƙashin bishiya tilo. Iska ma tana da lokacinta. Da rana takan bi kwari ta haura, da dare ta gangaro. A kwarin Engadin na Suwizalan, inda tafkunan Sils da Silvaplana suke wajen mita 1,800, akwai iskar Maloja da ke tasowa da tsakar rana daga kudu maso yamma. Wanda ya sani yakan nufi ƙauyen Maloja, ta inda iskar ke fitowa, da safe ya dawo tana tura shi, wanda bai sani ba ya yi akasin haka ya sha wahala. Kowane tafki da irin tasa, ka tambayi mutanen wurin.

Yanzu gangara. Nauyin kilo 100 da ya sauko mita 1,000 yana sakin ƙarfin da ya isa tafasa ruwa kusan lita 3. Wannan ƙarfin dole ya je wani wuri, kuma wurare biyu ne kawai: iskar da ke dukan ƙirjinka da birkinka. In kana kilomita 50 a sa'a ka miƙe zaune, iska tana ɗauke fiye da rabi a matsakaicin tudu. In kana kilomita 15 zuwa 25 kana riƙe da birki ba saki, kusan duka yana komawa zafi a kan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba. Shi ya sa mai tsoro, wanda ke jan birki tun daga sama har ƙasa, shi ne birkinsa ke fara mutuwa. A birkin da ke matse gefen wili, wilin yakan yi zafi har iskar cikin taya ta kumbura, tiyub ya fashe ko taya ta fita daga mazauninta. Ya taɓa faruwa da ni a tayar baya. Da ta gaba ce, ban san yadda za ta ƙare ba. A birkin faifai kuwa, takalmin birkin yakan ƙone ya daina kamawa, in mai aiki da mai ne man ya tafasa, ka matsa hannu ya shige har ƙarshe ba komai.

Yadda ake yi shi ne ka saki keke a miƙaƙƙiyar hanya, kana zaune a miƙe don iska ta taya ka, sannan kafin kwana ka matsa birki biyu da ƙarfi na 'yan daƙiƙu, gudu ya faɗo sosai, ka saki. Matsawa da saki, ba riƙewa ba. In tudun ya yi tsayuwar da ba za ka iya saki ba, to ka koma gudun mai tafiya a ƙasa, ka kuma riƙa tsayawa duk 'yan kwanoni birki ya huce. Kada ka taɓa faifan da yatsa, yana ƙona fata nan take. Kai hannu kusa kawai za ka ji hucinsa. In ka ji wari ko ka ji hannu yana shigewa fiye da da, tsaya a wurin. Birkin gaba shi ne ke tsayar da keke, na baya taimako ne. In ka matsa, ka ja jikinka baya a kan sirdi. In haya za ka ɗauki keke, ka duba wane hannu ne na gaba, domin a Ingila na dama ne, a yawancin Turai da Amurka na hagu. Ga mai kaya, faifai mai faɗin milimita 180 a gaba ya fi na 160, takalmin birki na ƙarfe kuma ya fi jure zafi. Ka tafi da sababbi, ka riƙe wasu a jaka, domin gangara ɗaya cikin ruwan sama da yashi tana iya cinye su.

A kwana mai lanƙwasa, ka gama birkinka kafin ka shiga. Fedar waje a ƙasa, nauyinka a kanta, idonka a inda za ka fita, ba a bakin rami ba, domin inda ido ya je nan keke ke zuwa. Kada ka yanke kwana ka shiga hannun wasu. Doguwar mota in za ta sha irin wannan kwanar sai ta cinye titin duka, 'yan babur kuma sukan taso da gudu. A Suwizalan, a matsattsiyar hanyar dutse mai haurowa ke da fifiko kan mai gangarowa, kuma motocin fasinja na gidan waya masu launin rawaya suna busa ƙahonsu mai sauti uku kafin makauniyar kwana. In ka ji, ka matsa gefe. Ka sa ran tsakuwa, kashin dabbobi ko ruwan narkakkiyar ƙanƙara a bayan kowace kwanar da ba ka ganin ƙarshenta.

Yadda ka ɗaure kaya yana bayyana ne a nan. Masu nauyi su zauna ƙasa kusa da tsakiyar taya, a raba tsakanin gaba da baya, misali kashi 40 da 60, dama da hagu su yi daidai. Wanda ya tula komai a kariyar baya, gabansa yakan ɗaga a hawa, a gangara kuma keke ya kama rawa, kan yana kaɗawa dama da hagu da sauri. In hakan ta same ka, ka matse sandar sama da gwiwoyinka, ka sassauta riƙon kai, ka rage gudu a hankali. Kada ka fizgi birkin gaba. Kowace safiya ka duba kusoshin kariya, su ne ke fara kwancewa. Fitilar gaba da ta baya kuma su kasance a kunne tun kafin ka shiga ramin da aka huda a dutse, ka cire tabarau; fitowa daga hasken rana zuwa duhu da gudu yana makantar da mutum na ɗan lokaci, kuma wasu ramukan ma an hana keke shiga, sai ka bincika tun kana tsara hanya.

Ta wane gefe za ka zagaya? A ƙasar da ake tuƙi a dama, in ka bi yadda hannun agogo ke juyawa, tafkin zai kasance a damanka: kallo naka ne, kuma ba sai ka tsallaka titi ba duk lokacin da za ka tsaya. Sai dai ramin ma a gefenka yake. In tsayi yana sa ka jiri, ka bi ɗaya gefen ka jingina da dutse.

Wurin kwana kuwa, kada ka ɗauka ko'ina za ka kafa tanti. Wurare da dama a tsaunukan Alps na Turai an hana, musamman gandun da gwamnati ta keɓe, a yankin Tahoe kuma akwai beyar da ke bin ƙamshin abinci, dole a kulle shi a akwatin da aka tanada. Da dare iska mai sanyi takan gangaro ta kwanta a kan ruwa, don haka bakin tafki ya fi ɗan tudun da ke samansa sanyi da raɓa. A mita 2,000 ruwa yana tafasa a digiri 93, girki zai ɗan daɗe, ka ƙara man risho. In zafi ya sa ka sha'awar wanka, ka shiga a hankali daga inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Faɗawa ruwan sanyi farat ɗaya yana sa numfashi ya kuɓuce wa mutum, ko da ya iya iyo.

Da ni ne kai a wannan tafiya ta farko, ba zan ɗauki tanti in tsallaka kowace mashiga da shi ba. Zan kafa shi a sansani ɗaya a bakin tafki, in yi yini biyu ina zagaya ruwan, sannan in riƙa haura mashigan da keke mara kaya, da ƙaramar jaka mai rigar ruwa, abinci, famfo, faci da tiyub biyu, in dawo in kwana a ƙasa. Kilo 15 sun ragu a hawa, birki ya samu sauƙi a gangara, ga barci a tsayin da jiki ya riga ya saba. Yini na huɗu hutu. Mashiga mafi tsayi in bar ta sai yini na biyar, in an wayi gari sama tas. In ya so a yini biyun ƙarshe, bayan hannu ya san birki ƙafa ta san giya, sai in ɗora kayan duka in tsallaka guda ɗaya zuwa kwarin da ke bayanta. Kafin ka fita kowace safiya ka gaya wa wani mashigar da ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, ka kuma sauke taswirar a cikin wayarka, domin a tsakanin duwatsu sabis yakan ɗauke. Lambar neman agaji 112 ce a Turai, 911 a Amurka.